Malama Riƙe-Mini

A unguwar bayan tashar mota, in ka tambayi gidan Malama Riƙe-mini, har mai facin taya zai nuna maka da baki. Ba sunan da iyayenta suka raɗa mata ba ne, kuma ba ta taɓa sonsa ba. Malamai 'yan'uwanta ne suka liƙa mata shi, yara suka tsinta suka kai gida, iyaye suka ɗauka sunan gaske ne. Yadda ta samo shi kuwa, sai an koma shekarar da gwamnati ta wayi gari ta ce kowane yaro a ƙasar sai ya shiga makaranta, kuma kyauta.

Kafin wannan shekarar makaranta ɗaya ce tak a garin, kuma ba kowa ke kai ɗansa ba. Ubanta masinja ne a asibiti. Ya gaji da yadda masu fararen kaya ke aikensa da ɗan yatsa, ya rantse 'yarsa sai ta yi karatu. Ta gama firamare da rubutu mai kyau kamar an buga da inji, tana zaune a gida ana shawarar abin da za a yi da ita, sai rediyo ya fara shela. Nan da nan aka shiga aza bulo ko'ina. Filin da ake zubar da shara a bayan tasha aka share, aka tsayar da azuzuwa, aka buga kwano, tun siminti bai gama bushewa ba aka turo yara. An tanadi bulo, an tanadi benci, an tanadi alli. Malamai ne aka tuna da su daga baya.

Sai aka bi gida gida ana kwaso duk wanda ya gama firamare. Aka tara su a wani zauren taro na 'yan makonni, aka koya musu yadda ake riƙe alli, da yadda ake tsayawa a gefen allo kada a tare wa yara, da waƙoƙin ƙirga. Ranar sallama wani jami'i daga ma'aikatar ilmi ya ce musu su malaman wucin gadi ne, amma kada kowa ya damu. Za a tura kowa kwalejin horon malamai ya yi shekara biyu, ya dawo da takardar shaida, cikakken malami wanda babu mai iya tayar da shi daga ajinsa. Bi da bi za a yi. Ta yi ta tafi har hannunta ya yi zafi. Tun daga ranar ba ta da wani buri sai wannan takardar.

Abin da jami'in bai faɗa ba shi ne, ma'aikata tana ba da izinin tafiya amma ba ta aiko da madadi. Saboda haka hedimastan makarantar bayan tasha, wani tsoho mai yawan tari, ya kafa tasa ƙa'idar. Duk mai son tafiya kwaleji sai ya samo wanda zai riƙe masa aji. A cire katakon da ya raba ɗakuna biyu, a haɗe yaran, malami ɗaya ya ji da su. In mai tafiya ya dawo, shi kuma ya riƙe wa wanda ya riƙe masa. Ba a rubuta ko'ina ba, amana ce kawai tsakanin malamai.

Wanda ya fara zuwa wurinta Malam Dogo ne, mai koyar da 'yan aji biyu, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Ya same ta a ajinta na 'yan aji ɗaya tana goge allo.

"Ƙanwata, taimako na zo nema. Kin ga na girme ki, kuma ga iyali. Ki riƙe mini ajina. In na dawo sai ki tafi."

"To, Malam, ai ba komai. Allah ya ba da sa'a."

Aka cire katako. Ta shekara biyu da yara cike da ɗaki, wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu a kan taga ƙafafu na reto. Muryarta ta buɗe har masu lodi a tasha suna haddace baƙaƙe ba su sani ba. Ta tara marafan kwalba a gwangwani don koyar da ƙirga. Ta iya gane mai jin fitsari tun kafin ya ɗaga hannu.

Malam Dogo ya dawo da takardarsa a cikin leda, aka yi ta miƙa ta hannu hannu a ɗakin malamai. Ita ma ta taɓa, bayan ta goge alli a jikin zanenta. Amma bai yi mako biyu ba aka ɗauke shi. Makarantu na ta tsirowa a ƙauyuka, kowace tana neman shugaba, kuma mai takarda ya fi ƙarfin aji biyu na bayan tasha. Ya zo sallama a kan sabon keke, yana sosa ƙeya.

"Wallahi ba da son raina ba, ƙanwata. Umarni ne daga sama. Amma ba zan manta ba."

Ta ce Allah ya sanya alheri. Da gaske take, don a lokacin tana ganin shekaru a gabanta kamar ba za su ƙare ba.

Bayansa wata malama mai gilashi ta zo da irin wannan roƙo. Ta dawo, aka kai ta makarantar 'yan mata a babban gari. Bayanta wani ya zo, bayansa wani. Ba wanda ya yi niyyar cin amana. Tsarin ne haka: mai takarda ya wuce gaba, marar takarda ya zauna ya riƙe. Kuma duk mai neman riƙo wurinta yake nufa, don tsohon hedimasta ya sha faɗa a gaban kowa cewa ita kaɗai ce in an haɗa mata aji biyu ba ya jin kuka daga ofis. A nan fa, in za a faɗi gaskiya, da laifinta. Tana son wannan yabon. In ya faɗa sai ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta koma aji da ƙarfinta. Da ta iya ɓata aiki ko sau ɗaya, da yara sun fasa wa juna kai a ajinta, da tuni an sallame ta ta tafi karatu. Ranar da wani sabon malami ya leƙo ɗakin malamai ya ce, "Ina Malama Riƙe-mini?" kowa ya fashe da dariya. Ita ma ta yi, don ba ta ga abin yi ba.

A tsakanin nan ta auri wani tela mai shago a bakin tasha, mutum mai barkwanci da allura kullum a baki. Shi ya fi ta ɗokin kwalejin. Tun a shekarar aurensu ya sayo mata akwatin ƙarfe, ya sa mai fenti ya rubuta "Malama" a murfin. Ya je ya tambayo irin rigar da ɗaliban kwalejin ke sawa, fara mai shuɗin wuya, ya ɗinka mata biyu, ya ninke ya sa a ciki. Shekarar da layi ya zo kanta da gaske, tana da cikin 'yarsu ta fari, kwaleji kuwa ba ta karɓar mai ciki. Bayan ta haihu ya fito da rigunan ya gwada mata, suka ƙi shiga. Ya farke gefe ya ƙara ƙyalle.

"Malama, ki yi wa Allah ki tafi karatun nan," in ji shi. "In kika ƙara haihuwa sai dai in haɗa da labulen ɗaki."

"Kai dai ɗinka, Maigida. Baɗi war haka ina can."

Baɗi ta zo da nata. Albashi ya fara makara, malamai maza suka riƙa sulalewa, wani ya koma tuƙin mota, wani ya buɗe kanti. Kyautar da aka yi shela ta ƙare ba tare da wata shela ba. Iska ta yaye kwanon aji uku, aka kwaso yaran aka ƙara mata. Benci in ya karye sai a jingine shi a bayan aji, daga can ya bi wani gida ya zama itacen girki. Masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi da suka fara buɗewa a garejin gidaje. Duk da haka yara ba su ragu ba, sai ma ƙaruwa, har aka raba makarantar biyu, wasu da safe wasu da yamma. Ita ce da safe, ita ce da yamma. Tsohon hedimasta ya rasu, ƙa'idarsa ba ta bi shi ba.

Sai da furfura ta fara leƙo mata sannan aka kawo wata shugaba mai tausayi, wadda ta ji labarin ta riƙe baki.

"Haba Malama! Duk shekarun nan? Ki shirya ki tafi. Ni da kaina zan riƙe ajin."

Tela ya rufe shago ranar. Ya ɗauki akwatin a ka har cikin mota, yana gaya wa duk wanda suka gamu da shi cewa matarsa za ta kwaleji. Ta ji raɗe-raɗin an yi canje-canje a can, amma ta ɗauka suna kawai aka sauya. Da ta isa, ginin yana nan, bishiyoyin suna nan, sai dai yaran da ke yawo a ciki ba su wuce sa'o'in 'yarta ba. Ta ja akwatin har ofis. Magatakardan da ta tarar ya saurare ta har ta gama, sannan ya cire gilashinsa.

"Baba, ai an daɗe da rufe kwalejin nan. Sakandare ce yanzu. Takardar da kike faɗa an daina bayar da ita, an ce ta yi ƙanƙanta."

"To ina ake zuwa yanzu, ɗana?"

"Babbar kwaleji, a babban gari. Shekara uku ne. Kina da takardar sakandare?"

"Firamare na gama. Daga nan aka ɗauke mu. An ce mana bi da bi ne."

Ya dube ta, ya dubi akwatin, ya ce ta yi haƙuri, ba za su karɓe ta ba sai da takardar sakandaren.

A motar yamma ta dawo. Tela ya koma ya buɗe shago, yana kan keken ɗinki ya hango ta tana saukowa, yaron mota na miƙo mata akwati. Ƙafarsa ta tsaya a kan feda. Bai tambaye ta komai ba a gaban mutane. Ya zo ya ɗauki akwatin ya aza a ka, suka bi hanyar da suka biyo da safe, wannan karon bai yi wa kowa magana ba. Ta sha kuka a ɗaki ranar, kukan baƙin ciki da kunya, har 'yarta ta tsorata.

Shi bai haƙura ba. Ya ce ta shiga ajin yamma na manya ta samo takardar sakandaren. Ta gwada. Amma lokacin da ake fara ajin manya, ita tana tsaye a gaban yaran yamma, in ta isa an kusa tashi, in ta zauna barci ya kwashe ta a kan benci. Ta bari. Akwatin kuwa 'yarsu ce ta tafi da shi makarantar kwana, da "Malama" a murfinsa, ƙawaye suna yi mata tsiya. Da tela ya rasu, tana kwashe kayan shagon, ta tarar da ɗaya daga cikin fararen rigunan a ƙarƙashin tarin ɗinkin da bai gama ba. Ya sake farke gefen, ya sa alluran riƙo, bai kai ga ɗinkewa ba. Ta zauna a kan kujerarsa da rigar a cinya har mai shagon kusa ya leƙo ya ga ko lafiya.

Daga nan ta daina maganar kwaleji. Burinta ya ragu ya koma ɗaya: a bar ta a ajinta har ƙarfinta ya ƙare. Shekaru suka yi ta wucewa, ana sauya manhaja, ana sauya yawan shekarun firamare, ana sauya sunan ma'aikatar kanta. Kowace sabuwar gwamnati ta zo sai ta yi wa bangon da ke kallon titi fenti. A takardun ma'aikata kuwa har yanzu ita malamar wucin gadi ce, ga jikokin ɗalibanta na farko zaune a gabanta.

Sai aka zo da gyara na gaske. Ƙasa ta cika da kwalejoji da jami'o'i, masu takardu sun yi yawa har suna yawo ba aiki, ga kuma irinsu Malama sun tare gurabe. Aka ce duk malamin da ba shi da babbar takarda zai zauna jarrabawa. Wanda ya ci a ba shi lokaci ya nemo ta, wanda ya faɗi ya tafi gida. In ka duba, ba za ka ce masu gyaran sun yi ƙarya ba. Yara na gama firamare ba su iya karanta sunansu, dole a tambayi wani.

Ta shiga zauren jarrabawar da biro biyu da gilashin da ta aro. Ta buɗe takardar tambayoyi. Akwai lissafin da ta tabbata ta taɓa iyawa, ta tuna har malamin da ya koya mata da ranar da ya yaba mata, amma hanyar ta ɓace. Akwai dogon nassi da ta karanta sau uku ba ta kama bakin zarensa ba. Akwai sunayen dabarun koyarwa da ba ta taɓa ji ba. A nan ta gane abin da ya same ta. Tun tana budurwa take aji ɗaya, daga baƙaƙe zuwa ƙirgen marafan kwalba, shekara ta ƙare a kwashe yaran a kawo sababbi, ta koma farko. Yaran sun yi ta wucewa, ita ce ba ta taɓa zuwa aji biyu ba. Abin da ta fito da shi daga firamare ma ya zube a hanya. Ta rubuta abin da ta iya da kyakkyawan rubutunta, ta fito. Ba ta ci ba, kuma ba ta ce an zalunce ta ba.

Wani ya gaya mata Malam Dogo yana hedkwatar ma'aikata, babban darakta ne, ya kusa ritaya. Ba ta taɓa neman alfarma wurin kowa ba, amma ta shiga mota ta je. Ta daɗe a kan benci a baranda kafin a shigar da ita. Ofishin da sanyi, da labule har ƙasa. Ya tsufa, ya ranƙwafa, amma yana ganinta ya miƙe.

"Ƙanwata! Ke ce? Ikon Allah! Zauna, zauna. A kawo mata shayi."

Ya tambayi maigida, ta ce ya rasu, ya yi ta'aziyya. Ya tuna ɗakin da aka cire wa katako, ya yi dariya har da hawaye. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Ranka ya daɗe, ba girma nake nema ba. A bar ni da yarana kawai. Ban san wani aiki ba."

Ya juya cokali a kofi.

"Wallahi da da yadda zan yi, da na yi. Abin ba a hannuna yake ba, doka ce ta ƙasa baki ɗaya. In na cire ki, dubu za su zo." Ya ɗago ya dube ta da tausayi na gaske. "Amma ke ma, ƙanwata, me ya hana ki tafiya karatu duk shekarun nan?"

Ta dube shi. Ba gatse yake yi ba, ya manta ne. Ya tuna ɗakin, ya tuna katakon, ya manta abin da ya ce a bakin allo. Ta ga in ta ce za ta tuna masa, kuka ne zai fito a ofishin mutane.

"Allah bai nufa ba, ranka ya daɗe," in ji ta. Ta bar shayin bai ko huce ba.

Ranar da aka koma hutu ta je makaranta kwashe kayanta. Ba su da yawa: gwangwanin marafai, da kofin shan ruwa, da tsumman goge allo da tela ya yi wa baki. An riga an kawo wadda za ta gaje ta, yarinya ce sa'ar jikarta, da babbar takardarta sabuwa fil. Tana tsaye a gaban ajin, yara sun cika ɗaki har taga, sababbin shiga na kuka, wasu na dambe a kan guntun benci. Yarinyar na duba waya tana duba ƙofa. Da ta ga Malama sai ta taho da sauri, ta ɗan rusuna.

"Mama, sannu da zuwa. Ke ce mai ajin da, ko? Don Allah taimako za ki yi mini. Yau ake rufe rajista a jami'a, karatun ƙarshen mako nake so in shiga. An ce nan gaba kaɗan wannan takardar tamu ma ba za ta yi ba, sai digiri. In ban je yau ba na rasa shekarar. Ki riƙe mini su, Mama. In na dawo sai ki tafi gida ki huta."

Malama ta buɗe baki za ta ce a'a. A rayuwarta ba ta taɓa faɗar kalmar a cikin ɗakin nan ba, kuma yau ba wanda zai ga laifinta. Ta dubi yarinyar, ta ga tsoro a idonta, irin wanda ta sani. In ta ƙi, yarinyar za ta zauna, baɗi wani abu ya taso, wata rana ita ma ta ja akwati zuwa ƙofar da aka rufe.

"Je ki, 'yata," in ji ta. "Yi sauri. Kada ki tsaya gaisawa da kowa a hanya."

Yarinyar ta miƙa mata alli ta fice da gudu. Hedimasta ya zo wucewa ta taga, ya ga wadda aka sallama tsaye a gaban allo, ya kawar da kai ya ƙara sauri. Malama ta mayar da gwangwanin inda yake zama, ta ɗaga wani ƙaramin da ke kuka ta share masa hanci da gefen mayafinta. Sannan ta tsaya a gefen allo, yadda aka koya musu, kada ta tare wa yara, ta rubuta baƙin farko.